WASIYYA, DA RABON MASU NEMAN MAGANIN CUTA

 Maganar da na kawo a wannan fitowa ba ta da daɗin ji ga mutane da yawa, gama ta shafi mutuwa, ta kuma shafi dukiya, abubuwa biyu da muke rage murya idan za mu ambace su. Ra'ayina shi ne, kowane mai bi da Allah ya ba shi wani abin hannu, ko gida ne, ko fili, ko kuɗin sallama daga aiki, ya kamata ya rubuta wasiyya tun yana da lafiya. Bayan ya tanadi iyalinsa kuma, ya ware wani ɗan kaso, komai ƙanƙantarsa, domin ƙungiya ko cibiyar da ke binciken cututtuka da neman maganinsu. Na san sashe na biyu na wannan magana baƙo ne a kunnenmu. Mun saba jin a bar wa majami'a kujeru ko kwanon rufi. Ba mu saba jin a bar wa masu leƙa jini a madubin likita ba.

Bari mu fara da tsoron wasiyyar kanta. Akwai masu cewa wanda ya rubuta wasiyya ya kira wa kansa ajali. Wannan camfi ne, bai kuwa dace da mu ba. A cikin Ishaya sura 38, annabi ya je wurin sarki Hezekiya ya faɗa masa ya shirya al'amuran gidansa, amma sarkin ya ƙara shekara 15 a duniya bayan wannan saƙo. Shirya gida bai kashe shi ba. Abin da ke kashe gida shi ne rashin shiri, kowane dattijon da ya taɓa zaman sulhu bayan jana'iza ya san haka. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙayyadadden rabon gado, an kuma yarda mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Mu kuwa muna tsakanin al'adar ƙabila, da dokar kotu, da muryar baffan da ya fi kowa ƙarfi a gidan. Sau nawa gwauruwa ta dawo daga makoki ta tarar an sa wa ɗakinta kwaɗo? Sau nawa aka ce 'ya'ya mata ba su da rabo, alhali tun a Littafin Ƙidaya sura 27 aka yanke hukunci a kan 'ya'yan Zelofehad cewa a ba su gādon ubansu? Takarda guda mai sa hannu da shaidu takan hana wannan wulakanci. Ko da ba ka yarda da sauran maganata ba, ka riƙe wannan.

To, don me binciken magani? Amsata tana cikin tarihin ikilisiyoyinmu ne.

Da yawa daga cikin ikilisiyoyin Arewa sun fara ne a bakin ƙofar asibitin kuturta. Garkida, Molai kusa da Maiduguri, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato: a waɗannan wurare ne kakannin waɗansu daga cikin masu karanta wannan takarda suka fara jin bishara. A shekarun 1930 abin da ma'aikatan mishan suke da shi a hannu shi ne wani mai na itacen ƙasar Indiya da ake yi wa mutum allurarsa, mai zafin gaske, amfaninsa kuwa kaɗan. Suna wanke gyambo, suna ciyarwa, suna addu'a, amma mai cutar yakan zauna a sansanin shekara da shekaru, yatsu suna guntulewa. Ƙauna tana nan, magani ne babu. Abin da ya canja labarin bincike ne, an kuma yi babban sashensa a ƙasarmu. A Uzuakoli, sansanin mishan na Metodis da ke Jihar Abiya ta yanzu, Likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dapsone, mai araha, ana iya haɗiye ta a ƙaramin awo ta yi aiki ba tare da ta kashe mutum ba. A wannan wurin kuma, a farkon shekarun 1960, Likita Stanley Browne, wanda ya yi aikin mishan na Baptis a Kwango, ya gwada wani sabon magani, clofazimine. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗa magunguna, waɗannan biyu da rifampicin, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Yau wanda aka gane cutar a jikinsa da wuri yakan sha magani wata 6 ko wata 12 yana zaune a gidansa, yana noma gonarsa, ya warke ba tare da ya rasa ko yatsa ɗaya ba.

Wa ya biya kuɗin wannan aiki? Gwamnatoci sun ba da nasu, amma ƙungiyoyin agaji na Ingila da sauran ƙasashe sun ɗauki kaya mai nauyi, kuɗinsu kuwa daga aljihun talakawa ya fito, mutanen da ba su taɓa ganin kuturu da idonsu ba. Har yau irin waɗannan ƙungiyoyi suna dogara ƙwarai ga abin da mamata suka bar musu. Babbar ƙungiyar binciken ciwon daji ta Ingila, Cancer Research UK, tana faɗa a fili cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na binciken da take yi, kyautar wasiyya ce ke biyansa. Ba duka attajirai ba ne. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da tsofaffin mata waɗanda suka bar wani ɓangare na kuɗin gidansu.

Ga misali ɗaya na attajiri, domin ya taɓa 'ya'yanmu kai tsaye. Henry Wellcome ɗan wani mai wa'azi ne a Amurka, ya yi arziki da sayar da magunguna a Landan, ya mutu a 1936. A wasiyyarsa ya danƙa kamfaninsa a hannun amintattu, ya ce a riƙa kashe ribar a kan binciken lafiya. Asusun da aka kafa da sunansa ne ya biya kuɗin wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2010, a kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori a nan Nijeriya. An ba rabinsu kinin, rabi kuma allurar artesunate. A cikin kowane yara 1,000 da suka sami kinin, kimanin 109 sun mutu. A cikin waɗanda suka sami artesunate, 85. Daga nan aka canja ƙa'idar jiyya. Idan an taɓa kwantar da jikanka yana jijjiga, nas ta yi masa wannan allura ya farfaɗo, to, ka ci moriyar wasiyyar mutumin da ya mutu tun kafin a haifi mahaifinka. Dawuda ya tara duwatsu da katako domin haikalin da ya san ba zai shiga ba. Irin wannan bayarwa ce.

Mun daɗe a gefen masu karɓa. Ba abin kunya ba ne a karɓa lokacin da babu, amma rijiyar ta fara ja da baya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cak. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Nijeriya kuwa ba ta taɓa kaiwa wurin ba. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan: mai biyan kuɗi shi ke zaɓen cutar da za a bincika. Dubi zazzaɓin Lassa. Sunan garin 'yan'uwanmu ne a kudancin Borno. A Janairun 1969 nas Laura Wine ta kamu da shi a asibitin mishan na can, aka kawo ta Jos ta mutu, wadda ta yi jiyyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta, a 1970 kuma Likita Jeanette Troup ta mutu bayan ta yanke a hannu tana binciken gawar wani mai cutar. Fiye da shekara 50 ke nan, har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita, sai a 2024 aka fara gwada wata a Abuja. Cutar korona kuwa, da ta shiga biranen masu kuɗi, cikin shekara guda aka sami rigakafinta.

Amma cutar da ta fi tsaya mini a rai ita ce sikila. Babu fasto a ƙasar nan da bai binne yaro mai sikila ba, babu kuma wanda bai zauna da saurayi da budurwa suna kuka a kan takardar gwajin jini ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, ana kuma kiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Ku lura, kowane ciki, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu ba. Na sha jin iyaye suna cewa sun riga sun haifi nasu guda, sauran ukun za su tsira, ba haka lissafin yake ba. Ikilisiyoyi sun yi abin kirki da suka sa gwajin jini kafin ɗaurin aure. Amma gwaji ba ya taimakon yaron da aka riga aka haifa, wanda ke zaune a benci na gaba a makarantar Lahadi da idanu rawaya.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai gyara ƙwayar halitta, Casgevy, wanda zai iya raba mutum da azabar sikila. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ko an sayar da dukan majami'un gundumarmu ba za a sayi na yaro guda ba. A gefe guda kuma, likitocinmu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna bincike a kan tambaya mai sauƙi: yaya za a hana yaro mai sikila shanyewar ɓarin jiki a wurin da ƙarin jini kowane wata ba zai yiwu ba? Sun nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro da na'ura, aka gane mai haɗari, ƙwayar hydroxyurea a ƙaramin awo tana rage haɗarin. Wannan shi ne binciken da ya dace da aljihunmu. Amma shi ma kuɗinsa daga waje ya zo. Ranar da na waje ya gaji, wa zai sayi na'urar, wa zai biya yarinyar da ke rubuta sakamako, wa zai biya kuɗin motar uwar da za ta kawo yaro daga ƙauye a sake auna shi?

Yanzu ga ƙin yarda mafi nauyi, ba zan kuwa wuce shi da sauri ba. Wani dattijo zai ce, Fasto, ka manta abin da ya faru a Kano? Ban manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne a gwajin, 11 suka mutu, waɗansu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan rauni yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka guji allurar shan inna a 2003, yara da yawa suka gurgunce a banza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba na kuwa ganin laifinsa. Amma ku duba abin da labarin yake koyarwa. Kamfani ne mai neman kai hajarsa kasuwa ya zo daga nesa, ya yi 'yan makonni, ya tafi. Babu wanda ya san iyayen, babu wanda zai haɗu da su a kasuwa gobe. Maganin wannan shi ne bincike ya zama namu, a hannun likitocin da ke zaune a cikinmu, ƙarƙashin kwamitin da ke duba haƙƙin marasa lafiya, da kuɗin mutanen da za su iya tambaya a nuna musu lissafi. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar ƙasa a kan binciken lafiya, wadda ta wajabta a bayyana wa mutum kome, ya yarda da kansa, kafin a sa shi cikin gwaji. Idan muka janye hannu gaba ɗaya, binciken ba zai tsaya ba, mu ne kawai ba za mu sami bakin magana a ciki ba.

Ga masu cewa neman magani rashin bangaskiya ne, amsata gajeriya ce. A wannan sura ta Hezekiya, annabin da ya kawo alkawarin warkewa shi ne kuma ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Iyayenmu a bangaskiya sun gina Vom da Galmi da Garkida ba tare da sun daina addu'a ba.

Sai dai akwai iyaka, ina so dattawa su ji ta sosai. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timoti sura 5 a kan wanda bai kula da iyalinsa ba, Ubangijinmu kuma a Markus sura 7 ya tsauta wa waɗanda ke keɓe dukiya da sunan Allah domin su hana iyayensu. Mutumin da duk abin da ya mallaka ɗaki biyu ne, ga mata, ga yara a makaranta, wannan kira ba nasa ba ne; ya rubuta wasiyya ya tsare wa matarsa ɗakin, ya gama nasa. Wanda ke da ɗa mai sikila ko naƙasa, tanadin wannan ɗa shi ne na fari. Gonar gado ta dangi kuma ba taka ba ce kai kaɗai, ba ka da ikon ba da ita. Da su nake magana: ma'aikacin da ya yi ritaya yara sun kama aiki, ɗan kasuwa mai fili biyu ko uku a gari, malamar asibiti da ba ta haihu ba tana tunanin inda gumin shekara 35 zai tafi. Kashi 2 ko 5 cikin 100 ba zai talauta magada ba.

Wani zai tambaya, ashe fasto ba ya rage wa ikilisiya rabo ke nan? Mai yiwuwa. Amma zakka da baiko muna ba da su muna raye, kowane mako. In kuwa za mu faɗi gaskiya, ba ƙarancin bene ne ke damun yawancin ikilisiyoyin birni ba. Mun iya tara miliyoyi domin tayil da hasumiya, da sunan mai bayarwa a jikin bango, alhali ɗakin gwaje-gwaje na asibitin ɗarikarmu yana fama da tsohuwar na'ura. Wanda yake so ya haɗa biyun, ai hanya a buɗe take: asibitocin koyarwa na jami'o'in ikilisiya, kamar na Bingham a Jos, su ma wuraren bincike ne. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu hidima, kada fasto ya zauna a bakin gadon marar lafiya yana nuna masa inda zai kai dukiyarsa, ko majami'a ce ko wata ƙungiya. Wannan shawara ce ta mai lafiya, da hankalinsa, da sanin iyalinsa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Dokar wasiyya ta bambanta kaɗan daga jiha zuwa jiha, saboda haka a nemi lauya, kusan kowace gunduma tamu tana da su. A rubuce ake yin ta, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu. Kada wanda zai ci gādon, ko matarsa ko mijinta, ya zama shaida, gama zai rasa rabonsa. A zaɓi mutum biyu amintattu masu zartarwa, waɗanda ba su kai ka tsufa ba, a kuma ajiye takardar a ofishin wasiyya na Babbar Kotun Jiha. Wanda ya yi auren rajista bayan ya rubuta tasa, ya koma wurin lauya, domin irin wannan aure yakan rushe tsohuwar wasiyya. Kada kuma kowa ya ruɗi kansa da sunan ɗan'uwa na kusa da ya cika a fom na banki ko na fansho. Wannan suna ba ya mai da mutum magaji. In babu wasiyya, sai iyali sun yi ta zirga-zirga a kotu kafin su taɓa ko sisi.

A kan kyautar kanta, shawarata ita ce a rubuta kaso, kada a rubuta adadin kuɗi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta naira 500,000 shekara goma da suka wuce yana ganin ya ba da na'ura, yau da ƙyar ta sayi kayan gyaranta. Amma kashi 5 cikin 100 na abin da ya rage bayan biyan bashi da rabon iyali, yana tafiya tare da zamani. A rubuta cikakken sunan ƙungiyar kamar yadda yake a rajistar hukumar CAC, a kuma ƙara cewa idan ta rushe kafin lokacin, masu zartarwa su ba wata mai irin aikinta. Kada a ɗaure kyautar da sharaɗi mai tsauri ainun; cutar da ke damunmu yau, mai yiwuwa an sami maganinta kafin ranar, sai kuɗin ya maƙale. Ya isa a ce domin binciken sikila, ko cututtukan yara.

Ba talla nake yi wa kowa ba. Akwai Gidauniyar Sikila ta Nijeriya da aka kafa a Legas a 1994, akwai ƙungiyar mishan ta masu cutar kuturta, akwai sassan bincike a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano da Maiduguri. Ko wacce ka zaɓa, ka je da ƙafarka tun kana da ƙarfi. Ka nemi ganin takardar rajistarsu, da lissafin kuɗinsu na shekara da akanta na waje ya duba, ka tambaye su wane bincike suka kammala, wane kwamiti ne kuma ke amince musu kafin su taɓa marar lafiya. Ƙungiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba ka amsa.

Sa'an nan ka tara matarka da 'ya'yanka ka faɗa musu da bakinka. Yawancin ƙarar da ake kaiwa kotu a kan wasiyya, mamaki ne ke haifar da ita, mutane su ji a bakin lauya abin da mahaifinsu bai taɓa ambata ba. Ina kuma ba majalisar dattawa ta kowace gunduma shawara ta sa wannan batu cikin ajandar taronta mai zuwa: a keɓe Asabar ɗaya, a gayyato lauya da likita daga cikin membobinmu, lauyan ya yi bayanin wasiyya da Hausa, likitan ya faɗa mana binciken da ake yi a asibitin da ya fi kusa da mu da abin da ya rasa. Zumuntar mata su zauna a gaba, domin su ne sukan rage da marayu, su ne kuma sukan kwana a asibiti.